Yadda ake tattara bayanan namun daji da tsuntsaye a Sakkwato domin kare su

Duk wanda ya haura shekara arba'in a Sakkwato ya san lokacin da ba a feɗe saniya a mahauta ba tare da ungulu ta jeru a kan katanga tana jira ba. Yau a garuruwa da yawa sai mahauci ya daɗe bai sa ta a ido ba. Gauraka ma haka, ita da ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Najeriya, yaranmu da yawa a hoto kawai suka san ta. Amma ka tambayi mutum wace shekara ungulu ta fara raguwa a garinsu, guda nawa ke sauka a da, guda nawa suka rage, sai ya ce maka "da dai akwai, yanzu babu". Gaskiya ya faɗa, sai dai hukuma da masana ba sa iya aiki da wannan maganar. Suna bukatar wuri, da kwanan wata, da adadi.

Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi wasu hanyoyin mota a Mali da Burkina Faso da Nijar wajajen 1970 yana ƙirga shaho da mikiya da ungulu. Bayan shekara talatin da 'yan kai ya koma ya bi hanyoyin nan dai, ya sake ƙirgawa, ya tarar manyan ungulaye sun kusa ƙarewa a wajen gandun dajin da ake tsaro. Irin wannan ƙidayar na cikin abin da ya sa a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ungulun mahauta a sahun halittun da ke gab da ɓacewa. Aikinsa ya yi nauyi ne saboda ya koma wuri ɗaya, ya yi abu ɗaya, ya rubuta. Wannan kuwa ɗan sakandare a Wamakko ko manomi a Wurno zai iya yin sa, kuma ya fi baƙo damar yi, tunda shi a nan yake kwana yana tashi.

Mataki na farko: zaɓi wuri ɗaya ka riƙe shi

Masu fara aikin nan sukan so su zaga ko'ina, yau Goronyo, gobe Kware, jibi Illela. Ina ba da shawarar a bar wannan tukuna. Ka zaɓi wurin da za ka iya zuwa da ƙafa ko da keke ba tare da ka nemi kuɗin mota ba, domin wurin da zuwansa ke cin kuɗi ba za ka jure masa ba. Bayanan dabbobi kamar katin awon jariri suke: awo ɗaya ba ya nuna komai, sai an jera na wata da watanni sannan a gane yaro na gaba ko baya yake yi.

Ga mazaunin birni, fadamar Rima ta wajen Kwalkwalawa, a kan hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wuri ne mai albarka: ga ruwa, ga shinkafa, ga lambuna, ga itatuwa. Na Kware yana da tafki, na Wurno yana da fadamar shinkafa, na Goronyo da na Shagari suna da madatsar ruwa. Wanda ba ya kusa da ruwa kada ya ce ba shi da wuri. Gonar gero mai gawo da aduwa, makabartar gari inda ba a sare itace, harabar makaranta mai dogon yaro, juji, mahauta, duk wurare ne. Matar da ba ta fita tana iya yin nata daga tsakar gida, ta rubuta abin da ke sauka a kan bishiya da bakin rijiya da abin da ke wucewa ta sama. Bayanan cikin gari suna da daraja sosai, don kusan ba wanda ke tara su.

Da ka zaɓi wuri, ka tsayar da iyakarsa a shafin farko na littafinka: daga gada zuwa tsamiyar nan, ka bi gefen ruwa, ka dawo ta hanyar shanu. Kilomita ɗaya zuwa biyu ya isa. Ka buɗe Google Maps a waya, ka danna inda kake tsaye ka riƙe, lambobi biyu za su fito, ka kwafe su. Birnin Sakkwato yana wajen digiri 13 arewa da digiri 5 gabas, don haka idan lambobinka sun yi nisa da waɗannan alhali kana kusa da birni, wayar ba ta kama wurin ba tukuna, ka dakata ka sake.

Kafin ka fara shiga gonakin mutane, ka je ka gaida mai unguwa ko hakimin wurin. Wannan ba al'ada ce kawai ba, tsaron kanka ne. A halin da ake ciki, baƙon fuska mai madubin hangen nesa da littafi yana rubuce-rubuce a bakin gari zai iya jawo zargin cewa infoma ne. Ka durƙusa ka ce: "Ranka ya daɗe, ni ɗan unguwa kaza ne, ina ƙidayar tsuntsaye da namun dajin fadamar nan ne don a san abin da ya rage mana. Na zo neman izini, kuma ina roƙon a sanar da masu gonaki da 'yan sa-kai." Ka nuna masa littafin ya gani da idonsa. Idan ya haɗa ka da wani yaro ɗan wurin, ka karɓa da hannu biyu, da ɗan gari akan ci gari.

Maganar dazuzzuka kuwa a fili take. Dajin Gundumi da sauran dazuzzukan gabashin jiha ta wajen Isa, Sabon Birni da Rabah, da na arewa ta wajen Tangaza da Gudu, ba wurin shiga da littafi ba ne a yanzu. Babu tsuntsun da ya kai ran mutum. Kuma kada ka ɗaga waya ko madubi kusa da shingen jami'an tsaro.

Mataki na biyu: kayan aiki

Littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, fensir biyu, agogo ko waya, gorar ruwa, hula, da takalmi mai rufe ƙafa saboda ƙaya da maciji. Fensir ya fi biro, don gumi da ruwan sama ba sa narkar da shi. Madubin hangen nesa yana taimakawa ƙwarai, mai lamba 8x42 ko 10x42 shi ne daidai, amma rashinsa ba ya hana farawa. Mutum uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya. Ka sa kaya masu launin ƙasa, ka bar farar shadda a gida. Da bazara zafi na wuce digiri 40, waya takan yi zafi ta mutu a hannu, da hunturu kuma ƙura na rufe idon kyamara, saboda haka littafi shi ne tushe, waya mataimakiya ce.

Mataki na uku: abin da ake rubutawa

Nan ne zuciyar aikin. Kowace fita tana da kanta a littafi, kuma kafin ka rubuta sunan dabba ko ɗaya sai ka fara da waɗannan: kwanan wata har da shekara, sunan wuri, lokacin farawa, yawan masu dubawa, da yanayin gari. In ka gama, ka sa lokacin tashi. Ga misalin yadda shafi zai kasance:

Asabar, 11 ga Janairu 2025. Bakin fadama, hanyata ta kullum. Farawa 7:15 na safe, tashi 8:45. Mu biyu. Hazo mai yawa, iska kaɗan, ruwa ya ja baya, an fara dashen albasa.
Balbela 46. Kurciya 19. Hasbiya 7. Zalɓe 2. Kirinjijiya kimanin 120, garke ɗaya. Zakaran ƙeƙuwa 8. Shirwa 5. Hankaka 11. Cilakowa 2. Ragon maza 1, kukansa kawai na ji. Kurege 1. Guza 1, a kan gaɓa. Ungulu 0. Na rubuta duk abin da na iya ganewa.

A lura da abubuwa uku a shafin nan. Na ɗaya, an rubuta kurciya da hankaka da balbela, waɗanda kowa ke rainawa. Mutane sukan rubuta baƙon tsuntsu su bar na kullum, alhali ungulu ma a da ta kullum ce, shi ya sa ba wanda ya damu da ƙirga ta har ta tafi. Na biyu, an rubuta sifili. "Na duba ban gani ba" bayani ne cikakke, kuma ga mai nazarin raguwar dabba ya fi "na gani" wuyar samu. Na uku, lokacin farawa da na tashi. Wanda ya ga tsuntsu iri goma cikin minti ashirin da wanda ya ga iri goma cikin awa uku ba labari ɗaya suke bayarwa ba, kuma ba a iya gwada na bana da na baɗi in ba a san tsawon lokacin da aka ɗauka ba.

Jimlar ƙarshe, wato ko ka rubuta duk abin da ka gane ko ka tsinci wasu ne kawai, kada ka manta da ita. Idan kana kan babur ka hangi burtu a gefen hanya, ka rubuta shi, amma ka sa cewa gani ne na wucewa, ba ƙidaya ba ce.

Ka ƙara da abin da ya canja a wurin: an sare gawon da balbela ke kwana, an yi sabon fegi, an ƙona ciyawa, kacala ta toshe bakin ruwa, an yi feshin maganin ƙwari, an saki ruwa daga Goronyo. Shekaru nan gaba waɗannan 'yan layukan ne za su bayyana dalilin da ya sa adadi ya sauka ko ya hau.

Mataki na huɗu: yadda ake ƙirgawa

Lokacin da ya fi shi ne daga fitowar rana zuwa awa biyu bayanta, sai kuma bayan la'asar zuwa gab da magariba. Da hunturu rana ba ta fitowa a Sakkwato sai wajen ƙarfe bakwai, don haka bayan sallar asuba da azkar akwai sararin isa wurin a natse.

Hanya biyu ce. Ko dai ka tsaya wuri ɗaya minti goma ko sha biyar kana rubuta duk abin da ka gani ko ka ji, ko ka bi hanyarka a hankali, tafiyar mai kiwo, kana tsayawa kana saurare. Wadda ka zaɓa, ita za ka riƙa yi kullum. Ka sa rana a bayanka in da hali, domin tsuntsun da ke tsakaninka da rana baƙi kawai za ka gan shi. Magana ƙasa-ƙasa, kuma ba a nuna tsuntsu da hannu da sauri.

Garke babba ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Ka ƙirga goma a gefe ɗaya, ka riƙe girman wannan gungun a idonka, sannan ka auna sauran da shi: goma, ashirin, talatin. In sun yi yawa ƙwarai ka yi da hamsin ko ɗari. Ka rubuta "kimanin". Idan ku biyu ne kowa ya ƙirga nasa a ransa sannan ku gwada. In kun saɓa da yawa ku sake. Dabara mai sauƙi ita ce ka ɗauki hoton garken, ka ƙirga a gida a natse, ka ga yadda idonka ke ƙari ko ragi. Yawancin mutane ragi suke yi. Shirwar da ke shawagi tana tafiya tana dawowa kuma kada ka ƙirga ta sau biyar. Ka rubuta adadi mafi yawa da ka gani a lokaci guda.

Jan baki, mai cinye gero da shinkafa, ba ya ƙirguwa da wannan hanyar. Shi abin da ake bukata shi ne inda yake kwana, inda yake sheƙa, da ranar da ya bayyana. Wannan bayanin ka kai wa malamin gona da wuri. Feshin da ake yi masa ta jirgin sama yana kashe wasu tsuntsayen da ba su ci gonar kowa ba, to gwargwadon yadda aka san takamaiman makwancinsa, gwargwadon yadda ɓarnar za ta ragu ga manomi da sauran tsuntsaye.

Mataki na biyar: sanin sunan abin da ka gani

Najeriya na da tsuntsaye sama da iri 900, ba wanda ya san su duka rana ɗaya. Ka fara da ashirin ɗin da ka taso da su. Wanda ba ka sani ba, kada ka ƙaƙaba masa suna. Ka rubuta siffarsa nan take tun yana gabanka: girmansa in an gwada da kurciya ko hankaka, tsawon baki da launinsa, launin ƙafa, tsawon wutsiya, abin da yake yi, a ƙasa yake ko a reshe ko cikin ruwa. Ka zana shi ko da zanen bai yi kyau ba, ka ɗauki hoto ko da daga nesa ne, ka naɗi kukansa da waya. Suna ɗaya na ƙarya yana sa masana su yi shakkar littafinka gaba ɗaya, amma "ban gane shi ba, ga siffarsa" ba ya rage maka komai.

Sunayenmu na Hausa ka riƙe su da kyau, ka rubuta yadda mutanen wurin ke faɗa, har da na Fulfulde ko Zabarmanci in ka ji. Sai dai ka sani suna ɗaya yakan rufe iri da yawa. Kurciya iri-iri ce, haka shaho, haka mujiya, haka tsattsewa. Shi ya sa a gefen sunan gida ake ƙara sunan kimiyya, wanda duk duniya ta yarda da shi: shamuwa ita ce Ciconia abdimii, gauraka Balearica pavonina, ungulun mahauta Necrosyrtes monachus. Manhajar Merlin da ta iNaturalist suna ba da shawarar suna daga hoto, kyauta, amma shawara ce kawai. Ka gwada ta da abin da idonka ya gani kafin ka yarda.

Mataki na shida: masu yawon dare da na cikin ruwa

Bushiya, beguwa, zomo, gafiya, dila, yanyawa, tunku da muzurun daji ba kasafai ake ganin su da rana ba, amma suna barin shaida. Ka fita da sassafe kafin shanu su taka hanya, ka duba rairayi da laka ta bakin ruwa. In ka ga sawu, ka ajiye biro ko kwalin ashana a gefensa don a san girmansa, ka ɗauki hoto daga sama kai tsaye, sannan ka ja baya ka ɗauki jerin sawun. Da safe inuwa na kwanciya a cikin sawu, ya fito raɗau. Da rana tsaka ba ya fitowa a hoto. Kashi, rami, ƙayar beguwa, gashin tsuntsu, saɓar maciji, duk shaida ce. Dabbar da mota ta take a kan titi ma bayani ce: hoto, wuri, kwanan wata. A littafi ka bambanta "na ga dabbar" da "na ga sawunta".

Maciji daga nesa ake ɗaukar hotonsa. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, kuma tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a arewacin Najeriya. Kada ka tura hannu a rami ko ƙarƙashin tarin kara, kuma ko mataccen maciji ne kada ka taɓa kansa.

Kifi kuwa ba sai ka shiga ruwa ba. Ka je inda masunta ke sauke kamu da safe, bayan ka gaida Sarkin Ruwa ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Ka rubuta ire-iren da aka kamo, tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, balli, gaiwa, giwan ruwa in an dace, da tsawon mafi girma a kowane iri, da kayan da aka yi sun da su. Raguwar girman kifi takan riga raguwar yawansa bayyana, masunta sun san haka sarai, rubutawa ce kawai ba a yi.

Abu ɗaya da nake roƙo da babbar murya: kada ka biya kowa kuɗi don ya kamo maka dabba ka ɗauki hoto. Ranar da yaran unguwa suka ji ana ba da naira ɗari a kan bushiya ko ɗan mujiya, ka buɗe kasuwar da ba za ka iya rufewa ba. Yaro mai danƙo ya fi kowa sanin inda sheƙa take. Ka ja shi a jiki, ka ba shi fensir ya riƙe maka ƙidaya, ka bar shi ya leƙa madubi. Kuma kunkuru, barewa ko jiminar da ake kiwo a gidan wani babban mutum, in ka rubuta su ka sa "na gida", kada su shiga lissafin na daji.

Mataki na bakwai: ilimin dattawa

Abin da ya wuce kafin a haife ka yana kan maharba, masunta, makiyaya da tsofaffin mata masu itace, kuma kullum raguwa suke yi. Wannan ɓangaren ya fi kowane gaggawa. Ka je da goro, ka zauna ƙasa, kada ka fara da littafi. "Baba, Allah ya ƙara lafiya. Karatu na zo ɗauka. Lokacin ƙuruciyarku waɗanne namun daji ake samu a dajin nan?" Ka bar shi ya lissafo da kansa. Kada ka ce "akwai kura, ko?" domin dattijo mai kara zai iya amsa maka da i don kada ya kunyata ka. Sai ya gama sannan ka nuna hotuna a waya don ku tabbatar dabba ɗaya kuke nufi.

Shekara ita ce mai wuya, don ba da lamba ake tuna ta ba. Ka ɗaura ta a kan abin da kowa ya sani. Zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya ƙare a 1988, na Dasuki daga 1988 zuwa 1996, na Maccido daga 1996 zuwa 2006. Mulkin Shagari daga 1979 zuwa 1983. Akwai farin 1973 da na 1984, akwai ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a. In ya ce maka "tun da anka yi dam ɗin Goronyo ban koma ganinta ba", ka san maganar ta faɗa wajajen tsakiyar shekarun 1980. Ka tambayi wuri takamaimai, da ko shi ya gani da idonsa ko labari ya ji. Ka nemi izini kafin ka naɗi muryarsa. Irin wannan bayanin ka ware masa littafi dabam, ka sa masa "ji", kada ya gauraya da "gani". In mutum uku da ba su zauna tare ba suka faɗi abu ɗaya, ya yi ƙarfi.

Mataki na takwas: bin shekara

Fita sau ɗaya a mako ta fi, sau biyu a wata ma ta wadatar, muddin ba a tsallake wani yanayi ba. Gab da damina ka sa ido kan shamuwa: ranar da ta fara sauka a garinku, sheƙa nawa ta yi, a kan waɗanne itatuwa, da ranar da ta tashi. Ƙidayar sheƙar shamuwa aiki ne da 'yan firamare za su iya yi da malaminsu cikin yini ɗaya, a maimaita kowace shekara. Da damina ka saurari kwaɗi da dare ka naɗi kukansu. Daga Satumba zuwa Oktoba baƙin tsuntsaye ke isowa daga Turai bayan sun ƙetare Sahara, ƙananan agwagin ruwa da 'yan tsuntsayen bakin gaɓa masu dogayen ƙafafu, su zauna har Maris ko Afrilu. A watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967, don haka ƙidayarka ta wannan watan a tafki ko madatsa tana da muhimmanci na musamman. Da bazara kuma duk wani ɗan ruwan da ya rage yana tara dabbobi, zama kusa da shi a inuwa ya fi yawo. Mahauta ka ware mata rana ɗaya a wata, a lokacin yanka, ka rubuta adadin ungulu ko da sifili ne.

Mataki na tara: kai bayanan inda za su yi aiki

Littafin da ya tsaya a akwati gara ce za ta karanta shi. Akwai wurare uku da ake turawa kyauta. iNaturalist na karɓar hoton kowace halitta, dabba, kifi, ƙwaro ko tsiro. Masana daga ko'ina za su duba, in suka yi ittifaƙi a kan sunan sai bayanin ya wuce babban rumbun bayanan halittu na duniya, GBIF, inda masu bincike ke ɗiba. eBird na tsuntsaye ne kaɗai, kuma zai tambaye ka daidai abubuwan da ka riga ka rubuta: lokaci, tsawon tafiya, yawan mutane, da ko jerin cikakke ne. Na uku shi ne shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta tun 2015, ana amfani da manhajar BirdLasser. Sun raba ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance, ana so mai ƙidaya ya yi aƙalla awa biyu a gida ɗaya cikin kwana biyar, ya leƙa kowane irin wuri da ke ciki, yana rubuta tsuntsaye bi da bi yadda ya gan su. Duk manhajojin nan suna aiki ba sabis, sai ka dawo gari ka tura.

A gida kuma ka kai kwafi ga malaman gandun daji da na nazarin halittu a jami'a, da ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarku ko ma'aikatar muhalli ta jiha. Hakimin da ya ba ka izini shi ma yana da haƙƙin jin sakamako. Shi ne mai ikon cewa kada a sare kukar da shamuwa ke sheƙa.

Akwai bayanin da ba a bazawa. Sheƙar ungulu, inda aka ga gauraka, ramin babban kunkuru, makwancin kada, waɗannan kada ka sa wurinsu a Facebook ko zauren WhatsApp. Ana farautar ungulu don sayar da kanta da sassanta ga masu haɗa magani, kuma masu wannan sana'ar su ma suna da waya. A iNaturalist akwai zaɓin ɓoye takamaiman wuri, ka yi amfani da shi. Idan ka ga sassan irin waɗannan dabbobin a shimfiɗar kasuwa, kada ka saya, kada ka yi gardama da mai kaya. Ka riƙe iri da adadi a ranka, ka rubuta bayan ka bar wurin. Najeriya na da dokar hana cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an ƙara mata ƙarfi a 2016, amma aiwatar da ita aikin hukuma ne, naka shi ne sahihin bayani.

In ka tarar da tsuntsaye da yawa matattu wuri ɗaya, kada ka taɓa, kada ka bar yara su kwasa. Yana iya zama guba, yana iya zama murar tsuntsaye, wadda ta fara bayyana a Najeriya a 2006. Ka ɗauki hoto daga nesa ka sanar da likitan dabbobi mafi kusa a ranar. In kuma maharbi ko masunci ya nuna maka tsuntsu mai zoben ƙarfe a ƙafa, ka kwantar masa da hankali cewa ba asiri ba ne, ba kuma na'urar leƙen asiri ba. Masu bincike ne suka sa don su san hanyar da yake bi. Ka kwafe duk rubutun da ke jikin zoben harafi da harafi, da wuri da ranar da aka same shi, ka tura ta shafin ring.ac, sau da yawa za su aiko maka da ƙasar da aka sa masa zoben da shekarar.

Duk ƙarshen wata ka ɗauki hoton shafukan littafinka ka tura wa kanka ta imel ko ka ba wani amintacce ya ajiye. Ƙarshen shekara ka ware shafi biyu: sunayen dabbobi a jere daga sama zuwa ƙasa, watanni goma sha biyu a kwance, a kowane gurbi ka sa adadi mafi yawa da ka samu a watan. Watan da ba ka fita ba ka ja masa layi, kada ka sa sifili, domin rashin fita dabam, rashin gani dabam. In tafiya ta kama ka, karatu ko aiki, ka bi hanyar tare da wanda zai gaje ka sau biyu ko uku, ka nuna masa inda kake tsayawa da tsawon lokacin da kake ɗauka, sannan ka miƙa masa kwafin shafin farko mai iyakar wurin da lambobinsa.